Yaro Ke Zane, Babba Ke Yanka: Fafar Kabewa a Kakar Amurka

A wurin Bahaushe kabewa abar miya ce, ba ta da wani matsayi da ya wuce wannan. Akan shuka ta a bayan gida ko a gefen gona, ta yi yaɗo ta haye dangar kara, idan ta nuna a tsinke ta a ajiye a kan rufin ɗaki, ranar da aka tashi yin taushe a yanko ɓari guda. A kasuwa ma yanka-yanka ake sayar da ita, kowa ya saya gwargwadon tukunyarsa. Ko a karin magana da miya aka haɗa ta, domin masu iya magana sun ce, kabewar kan kabari baƙin cikin masu taushe. Saboda haka duk wanda ya tashi da wannan tunani, idan aka ce masa akwai ƙasar da ake sayen kabewa sukutum, a fafe ta, a huda mata idanu da hanci da baki, a kunna kyandir a cikinta, a girke ta a ƙofar gida har ta ruɓe, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne, "Wannan wace irin ɓarna ce?" Mu ma da wannan tambaya muka sauka Amurka, kuma shekaru huɗun da muka yi a jihar Wiskonsin, muna neman ilimi tare da iyali, sun ba mu damar duban al'amarin daga kusa. Abin da muka gani a can, da tunanin gida da ya tayar mana, shi muke so mu tattauna da mai karatu.

Kakar waɗannan mutane tana kamawa ne daga ƙarshen watan Satumba. Ganyayen itatuwa su rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa, sa'an nan su kakkaɓe, rana ta riƙa faɗuwa da wuri, sanyi ya fara leƙowa yana gargaɗin cewa dusar ƙanƙara tana tafe. A daidai wannan lokaci ne kabewa ke mamaye gari. A birnin Madisin, kasuwar manoma da ke ci kowace Asabar a kewayen ginin majalisar jiha takan cika da ita tuli-tuli, haka ma ƙofofin manyan kantuna. Amma iyalai da yawa sun fi son su fita bayan gari, zuwa gonakin da masu su ke buɗe wa jama'a. A nan akan ɗora yara a bayan tarakta bisa dammunan ciyawa, a kai su tsakiyar gona, a sake su kowa ya zaɓi tasa. Sai ka ga yaro ɗan shekara huɗu ya rungumi kabewar da ta kusa kai shi nauyi, yana nishi, ya ƙi yarda a taimake shi, har sai ya kai ta cikin baro. Tun daga nan kabewar ta zama tasa, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan mallaka aka gina shi.

Ita kabewa dai 'yar asalin wancan ɓangare ce na duniya. Masu tonon kayan tarihi sun sami 'ya'yanta a wani kogo da ke jihar Wahaka ta ƙasar Meksiko, waɗanda aka kimanta sun kai shekara 10,000, wato ke nan tana cikin tsofaffin abubuwan da ɗan'adam ya fara nomawa. Mutanen farko na Amurka ta Arewa sukan shuka ta a gona ɗaya da masara da wake, suna kiran su 'yan'uwa mata uku: masara ta tsaya tsaye wake ya hau ta, kabewa kuwa ta shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa, ta hana ciyawa fitowa, ta kuma tsare danshi. Duk manomin da ya taɓa haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sai bayan shekarar 1492, da jiragen ruwan Turawa suka haɗa nahiyoyi, kabewa ta ƙetaro zuwa Afirka tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono. Ashe ita kanta uwar taushen tamu baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida.

Fafe ta a yi mata fuska kuwa, wannan al'ada daga tsibirin Ailan da ƙasar Sikotilan ta taso. Tun kafin zuwan addinin Kirista mutanen can suna da bikin ƙarshen girbi da shigowar hunturu, wanda suke ganin a darensa shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yakan yi rauni. Daga baya daren ya dace da jajiberin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, wadda ke faɗowa 1 ga Nuwamba, shi ne ake kiran daren 31 ga Oktoba da suna Halowin. A wancan zamani ba su da kabewa. Wata irin saiwa ce mai tauri, mai kama da curin gwaza, wadda suke kira tanif, ita suke ƙwaƙulewa su sa garwashi ko guntun kyandir a ciki. Har yanzu akwai kwatancin irin wannan fuska a gidan adana kayan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da garin Kasalba a Ailan, kuma wanda ya ga hotonta zai yarda cewa an yi ta ne domin tsoratarwa.

Akwai tatsuniyar da suke dangantawa da wannan fitila, ta wani marowaci kuma mashayi mai suna Jak. Wai ya yaudari Shaiɗan ya hau bishiya, sa'an nan ya zana kuros a jikin bishiyar, ya hana shi saukowa sai da ya yi alkawarin ba zai karɓi ransa ba. Da Jak ya mutu aka ƙi shi a aljanna saboda mugun halinsa, aka kuma ƙi shi a wuta saboda alkawarin da aka yi masa. Sai Shaiɗan ya jefa masa garwashi guda, ya sa a cikin ƙwaƙulalliyar saiwa, yake ta yawo da ita a duhu har abada. Ɗalibin adabin baka zai lura da kamar da ke tsakanin Jak da Gizo, sai dai shi Gizo yakan tsira ya haye rufin ɗaki, shi kuwa Jak wayonsa ne ya hana shi masauki. Sunan da ake kiran fafaffiyar kabewa da shi har yau ma'anarsa ita ce Jak mai fitila.

Yunwar da ta auka wa Ailan daga shekarar 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kuma kori wasu kamar haka zuwa ƙetare, akasarinsu Amurka. Suka tafi da tatsuniyarsu da fitilarsu, suka tarar da kabewa wadda ta fi saiwarsu girma da taushi da sauƙin fafa. A can ma sun iske kabewa tana da nata gurbi a adabi. A cikin labarin Washington Irving na shekarar 1820, wanda ya shahara da mahayin doki marar kai, abin da aka tsinta da safe kusa da hular malamin makarantar da ya ɓace shi ne fasasshiyar kabewa. Mawaƙi John Greenleaf Whittier kuma, a wata waƙa da ya yi wa kabewa a tsakiyar ƙarni na 19, ya tuna yadda suke yanka mata fuska suna yara a lokacin girbi. Haɗuwar waɗannan magudanai biyu, wato murnar kaka ta manoma da fitilar baƙin haure, ita ta haifi abin da ake gani a yau.

Da yake Amurka ce, ba a daɗe ba kasuwa ta shigo ciki. Wani manomi a jihar Masachusets mai suna John Howden ya fitar da wani irin kabewa a shekarun 1960, mai siffa daidai da mariƙi mai kauri, wanda domin fafa aka yi shi, ba domin tukunya ba. Jihar Ilinoyi ita ce kan gaba wajen noman kabewa, ko da yake mafi yawan tata ta ci ce da ake zubawa a gwangwani. A shekarar 1986 kamfanin Pumpkin Masters na birnin Denba ya fara sayar da ƙananan zartuna da takardun zane, abin da ya rage haɗarin wuƙar girki. Gasa ma ba a bar ta a baya ba. A watan Oktoba na 2013 mutanen garin Kin da ke jihar Niyu Hamsha sun kunna fafaffun kabewa 30,581 a lokaci guda, sa'an nan a 2023 Travis Gienger na jihar Minesota ya kai kabewa mai nauyin kilo 1,247 wurin awo a Kalifoniya, wadda ta kafa tarihi a wancan lokaci. Duk wannan hayaniya ce ta waje. Ainihin al'adar a kan teburin cin abinci take, a cikin gida, inda babu ɗan jarida.

Kafin mu kai ga teburin nan sai da muka zauna muka yi shawara, mu da uwar yara. 'Yar farinmu tana da shekara shida a lokacin, ƙaninta yana da huɗu, kuma tun farkon Oktoba ba su da wata magana idan sun dawo daga makaranta sai ta kabewa. Mu Musulmi ne, asalin daren kuma mun san shi. Matsayin da muka tsaya a kai shi ne, ba za mu yi musu shigar fatalwa ba, ba kuma za mu raya daren a matsayin biki ba. Amma da wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda jikokinta ke nesa, ta gayyace mu fafar kabewa a gidanta wata ranar Asabar da la'asar, sai muka ga babu abin da ke cikin wannan face aikin hannu da haƙƙin maƙwabtaka. Muna da abokai Musulmi da suka ƙaurace wa abin baki ɗaya, akwai ma Kiristocin Amurka masu tsantseni da ba sa kusantarsa, kuma ba mu ga laifin kowa ba. Daga wannan shekara kuwa fafar ta koma gidanmu, muka yi ta har sau uku kafin mu dawo.

Ga yadda aikin yake. Da farko akan shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, a naɗe wa yara hannun riga. Babba ya ɗauki wuƙa ya yanke kewayen mariƙin, amma a karkace, bakin wuƙar yana duban tsakiya, domin idan aka yanka a miƙe murfin zai faɗa ciki. Akan kuma bar ɗan tsini a gefe guda don a gane yadda murfin zai koma. Da an ɗaga murfin sai ƙamshin ɗanyar kabewa ya cika ɗaki, daga nan kuma aiki ya koma hannun yara. Su za su zura hannu har gwiwa su kwaso kayan ciki, masu sanyi da yauƙi da zare-zare, 'ya'ya suna zamewa ta tsakanin yatsu. A karon farko ɗan autanmu ya janye hannunsa da sauri yana yamutsa fuska, ya ce, "Baba, tana da majina!" Kafin a jima shi ne ya fi kowa nutsa hannu. Bayan an kwashe sai a kankare bangon ciki da babban cokali har ya rage kauri, musamman ta ɓangaren da za a yi fuska, domin yanka ya yi sauƙi, haske kuma ya fito sosai.

Sa'an nan a zo wurin da ya fi ɗaukar hankalinmu. Akan miƙa wa yaro alƙalami mai kaurin baki, a ce ya zana fuskar da yake so. Dattijuwar nan ta gaya mana dokar gidansu tun daga kakanninta, cewa yaro ke zane, babba ke yanka, kuma babba ba shi da izinin gyara layin yaro. Idan ya yi ido ɗaya ƙato ɗaya ƙarami, haka za a yanka. Idan ya sa hanci a gefen kunci, nan hancin zai zauna. 'Yarmu ta zana baki mai haƙora uku, biyu a sama ɗaya a ƙasa, duk a karkace, ta tsaya a kanmu kamar mai duba aikin gini, tana cewa, "Baba, ka fita daga layi." Mutumin da ya saba riƙe jan biro yana gyara rubutun manyan ɗalibai, ga shi yau yana bin layin 'yar shekara shida da ɗan zarto, yana tsoron kada ya kauce. Yaran da ba su kai a bar su kusa da kaifi ba kuwa, fenti ake ba su da gam da ƙyallaye, su shafe tasu kabewar yadda suka ga dama, ita ma a jera ta tare da sauran ba tare da an ce wata ta fi wata ba.

Mun daɗe muna juya wannan doka a zuciya, domin ta saɓa wa yadda muka koyi sana'a a gida. A wurinmu babba ke tsara aiki, yaro ya yi na wahala. Ɗan maƙeri zuga-zugi zai yi ta bugawa shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa guduma, ɗan baduku kuma ya yi ta jan zare kafin a ba shi wuƙar yankan fata. Wannan tsari yana da hikimarsa, shi ya haifar da gwanayen da muke alfahari da su, kuma ya koya wa yaro haƙuri da ladabi. Amma akwai abin da ba ya bayarwa da wuri, wato yaro ya ga abin da ya ƙudura a ransa ya fito fili, har manya sun sa ƙarfinsu wajen tabbatar da shi. Mu da muke koyar da ƙagaggen rubutu mun san wahalar da muke sha da ɗalibin da ya iso jami'a bai taɓa jin an tambaye shi, "Kai yaya kake son abin ya kasance?" ba. Ka ba shi takarda ka ce ya ƙaga labari, sai ya tsaya yana jiran ka faɗa masa amsar da kake so. Yaron da aka bi layinsa da zarto yana ɗan shekara shida ya riga ya ɗanɗani zama mawallafi, ko da bai iya rubuta sunansa daidai ba.

Idan an gama yanka akan huda ɗan rami a murfi domin hayaƙi, a sa guntun kyandir a ciki, ko kuma 'yar fitila mai batir wadda iyaye da yawa suka fi so a yanzu saboda gudun gobara. Sai a kashe wutar ɗaki. Shirun da yara ke yi a wannan lokaci ya isa a yi nazarinsa. Abin da ɗazu yake kayan miya yanzu ya zama fuska mai idanun wuta, inuwarta tana rawa a bango. Ɗan autanmu ya ɓuya a bayan uwarsa, ya leƙo, ya sake ɓuya, can sai ya fito ya nuna ta da yatsa ya ce, "Ni na yi ta." A nan ne muka tuna da Dodo. Kakanninmu mata ba su ɓoye wa yara Dodo ba, sun kawo shi ne cikin tatsuniya, da dare, a lokacin da yaro ke jingine da cinyar mai ba da labari, domin ya ɗanɗani tsoro a wurin da babu abin da zai same shi. Fafaffiyar kabewa irin wannan aiki take yi, har ma da ƙari, domin a nan yaron ne da kansa ya yanke wa Dodo yawan haƙora. Ga ƙasar da dare ke tsawo, sanyi ke kisa, ba ƙaramin abu ba ne yaro ya shiga hunturu da sanin cewa abin tsoro ma ana iya ƙera shi, a kunna shi, a kuma hure shi.

Kabewar da ba a taɓa ba takan yi makonni da yawa lafiya lau, amma wadda aka fafe ba ta cika wuce mako guda ba. Haƙoran su fara lanƙwashewa ciki, idanu su runtse, fumfuna ta fito, kurege ya zo ya ci rabonsa, fuskar da ta fito da fushi ta koma kamar ta tsohon da ya rasa haƙora. Yaranmu sukan duba ta kowace safiya kafin su tafi makaranta, su kawo rahoton yadda ta tsufa. Ranar da aka kai ta juji 'yarmu ta yi hawaye, uwarta ta ce mata, "Ki yi haƙuri, ai baɗi ma akwai kaka." A ganinmu wannan ruɓewa ita ce sirrin ɗorewar al'adar. Da abin da aka ƙera yana daɗewa, da an yi shi sau ɗaya an ajiye a kan kanta, an huta. Da yake ba ya daɗewa, tilas ne a sake zama a baɗi, tilas uba ya sake ajiye littafinsa, tilas a sake shimfiɗa jarida. Da haka yaro ke auna girmansa: bara fenti aka ba shi, bana alƙalami, wata shekara zarto zai shiga hannunsa, har ranar da zai zauna yana bin layin nasa ɗan.

Saura batun ɓarna da muka faro da shi. Gaskiya ne, ana zubar da kabewa mai yawa a farkon Nuwamba, su kansu Amurkawa suna kokawa da haka, har wasu garuruwa suna tattara ta domin yin taki ko ciyar da dabbobi. Wanda ya san yunwa ba zai kalli wannan tuli hankalinsa kwance ba. Abin da za a iya faɗa kawai shi ne, irin da ake fafewa ba shi da daɗin ci sosai, lami ne mai yawan zare, kuma gidajen da suka san ya kamata ba sa zubar da 'ya'yan. Akan wanke su, a barbaɗa gishiri, a gasa, a ci ana hira. A gidanmu uwar yara ta ƙara nata sharaɗi, cewa duk ranar da aka sayi kabewar fafa sai an haɗo da ƙarama mai zaƙi ta miya. Don haka daren fafa a wurinmu daren taushe ne, da tuwon shinkafa, har dattijuwar maƙwabciyarmu ta koyi cin tuwo da hannu.

Mai karatu zai lura cewa tun farko kalmar fafa muke amfani da ita, kuma ba arowa muka yi ba. Harshenmu yana da ita domin muna da duma, wanda shi ɗan asalin Afirka ne. Shi ma da damina ake shuka shi, ya yi yaɗo a kan danga da rufin ɗaki, da kaka a tsinke shi, a fafe, a jiƙa a fitar da ɗacin ciki, a shanya. Daga gare shi ake samun ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi, da goran da masunta ke hawa a Argungu, da shantun 'yan mata, da ƙoƙon goge. Akwai masu yi masa ado da wuƙa, akwai masu yi da ƙarfen da aka gasa a wuta. Matan Fulani da na wasu al'ummomin Adamawa da kwarin Gongola sun kai wannan zane matsayin da masana irin su T. J. H. Chappel suka rubuta littafi sukutum a kansa a shekarar 1977. Mu da muke zaune a wannan sashe na ƙasa kuma mun san sunan da garin Oyo ya yi wajen sassaƙar ƙwarya. Idan ana maganar gwaninta, fuskar kabewar Amurka wasan yara ce a gaban ƙwaryar jeren amarya.

To, amma ina duman yake a rayuwar 'ya'yanmu? Kwanon sha ya fara ture ƙwarya, roba ta zo ta ƙarasa, gyartai ya rasa abin ɗinki. Dalilin a fili yake. Mu bukata ce ta haɗa mu da duma, da bukatar ta sami wata hanya sai zaman da ake yi a kewayensa ya watse. Su kuwa Amurkawa sun daɗe da rabuwa da bukatar fitilar kabewa, suna da lantarki tun kakanninsu, amma suka riƙe zaman, suka sa masa rana a kalanda. Yaran da muke reno a gidajen ma'aikata na jami'a, nesa da gonakin kakanninsu, da yawansu ba su taɓa ganin duma a jikin yaɗonsa ba. Sun san ludayi na roba ne. Tashe ma, wanda shi ne lokacin da yaranmu ke ƙera abin wasa da hannunsu su bi gida-gida daga goma ga watan azumi, ba ya zuwa unguwannin da muke zaune. Abin da ya fi damun mu shi ne, a manyan biranenmu an fara shigo da Halowin ta ƙofar kanti, wato rigunan fatalwa da kabewar roba da aka ƙera a masana'anta. An ɗauko ɓawon an bar ƙwayar, domin kabewar roba ba ta bukatar uba ya zauna, ba ta da layin yaro da za a bi, ba ta kuma ruɓewa balle a sake zama a baɗi.

Ba muna kira a ɗauko daren 31 ga Oktoba a dasa a Sabo ko a harabar jami'a ba, wannan dare yana da masu shi da tarihin da ya haife shi. Abin da muke ganin ya cancanci aro shi ne tsarin: a ware lokaci sananne a shekara, a sami abu mai rai da ƙasa ta fitar, babba da yaro su sa hannu a kansa tare, a kuma bar yaro ya ja layi. Muna da kaka, muna da duma, muna da kalmar fafa da ba ta mutu ba tukuna. Tun da muka dawo muke shuka duma a gindin katangar bayan gida, kuma ko a nan inda ruwa ya fi yawa yana yi, muddin an ɗaga shi daga ƙasa. Idan ya bushe mukan fafe, yara su zana da gawayi, mu bi da ƙusar da aka gasa. Zanen nasu ba zai shiga kasuwar Oyo ba. A kan wani ƙoƙo akwai mota mai ƙafa biyar, a kan wani akwai kyanwa da ta fi kama da akuya. Amma da waɗannan ƙoƙuna ake shan fura a gidanmu, kuma 'ya'yan maƙwabta, Yarabawa da Ibo da Tibi, sun fara tambaya yaushe za a sake yi.

Ga ɗalibanmu da za su zama iyaye gobe, da abokan aikinmu da suka riga suka zama, shawararmu ƙarama ce. Duk wanda zai je gida hutu ya roƙo 'ya'yan duma a wurin wata gwaggo ko inna, ya ƙulle a leda ya dawo da su. Ya shuka da ruwan farko, domin duma yana bukatar watanni kafin ya ƙosa, yaro kuma shekarun da zai yarda ya zauna kusa da ubansa yana zane ba su da yawa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.